Muhawara: Littattafan tarihin kafuwar kamfanoni, ban da na 'yan kwamfuta

Abban Sadiq: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu karatun cikinmu. Duk littafin da ake tallatawa yanzu a kan yadda aka kafa kamfani, za ka tarar na masu waya ne ko na masu manhaja. To ina na sabulu, taki, man fetur, sufuri, masaƙa? Ina neman waɗanda ke nuna nawa aka kashe, me ya lalace, wa ya ba da bashi. Ban da na kirarin mai gida.

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam. Kafin a jero maka sunaye, riƙe wannan ma'aunin: buɗe littafin ka nemi babin da abu ya ƙi aiki. In babu, mayar da shi kanta.

Ɗauki takin zamani. Littafi mara zurfi zai ce maka a 1909 Fritz Haber ya haɗa naitirojin na iska da haidurojin ya samu amoniya, sinadarin da ake yin taki da shi, shi ke nan aka ciyar da duniya. Alhali na'urar da ya nuna wa mutanen kamfanin sinadarai na BASF a Karlsruhe ta Jamus a kan tebur take, ɗigo-ɗigo take fitarwa, kuma sinadarin da yake sawa don hanzarta haɗuwar, osmium, duk duniya ɗan kaɗan ne. Sai da Alwin Mittasch, masanin sinadarai na BASF, ya yi dubban gwaje-gwaje kafin aka tsaya a kan baƙin ƙarfe da aka ɗan sa wa alumina da potash. Sannan ga babbar matsalar da ta faɗo wa Carl Bosch, wanda BASF ta ɗora wa aikin gina masana'antar: haɗin yana son zafi wajen digiri 500 da matsi wajen ninki 200 na iskar da muke shaƙa. Bututun farko da suka gwada sa'o'i 80 kacal suka yi suka tsage. Da Bosch ya yanka ƙarfen ya duba, sai ya ga haidurojin ne ke kutsawa cikinsa yana cinye kabon ɗin da ke ba shi tauri, ya bar shi da gautsi. Sai ya yi bututun riɓi biyu. Na ciki ƙarfe mai laushi wanda kusan babu kabon a jikinsa, don haka babu abin da za a cinye. Na waje mai tauri, shi ke riƙe matsin, aka huda masa ƙananan ramuka domin iskar da ta ratso ta fice kafin ta yi ɓarna. Da wannan aka buɗe masana'antar Oppau a 1913, wadda aka tsara don ta ba da kimanin tan 30 a rana. Littafin da bai kai ka ga waɗannan ramukan ba, bai gaya maka yadda aka fara sana'ar taki ba.

Maman Hanifa: Injiniya, kai ƙarfe kawai kake gani. Kamfanonin da tsagewar bututu ta kashe ba su kai waɗanda bashi ya kashe ba. Ni ma'aunina shi ne ko marubucin ya buɗe littafin lissafi.

Duba William Lever mai sabulun Sunlight. Ɗan mai sayar da kayan masarufi ne a sari, ba masanin haɗa sinadarai ba. A shekarun 1880 sabulu sanda-sanda ake kawo shi, mai kanti ya yanka ya auna maka. Shi ya yanka nasa, ya sa masa suna, ya naɗe. Naɗin ma dole ce ta sa: sabulun nasa man tsirrai ya fi yawa a ciki, yana kumfa sosai amma in ya sha iska bayansa na yin gumi da wari, sai aka lulluɓe shi da takarda mai hana iska aka sa a kwali. Wannan ɓangarenka ne, na ba ka. Amma abin da ya kusa kifar da shi lissafi ne. A farkon 1920 ya sayi Niger Company, kamfanin cinikin Turawan Ingila a Najeriya, a kan fiye da fam miliyan 8 ba tare da an zauna an binciki littattafanta ba. Bayan an gama ciniki aka gano bankuna na bin ta wajen fam miliyan 2. A shekarar kuma farashin man ja da ƙwarar manja ya faɗi warwas, kayan da ke jibge a sito suka koma ƙasa da abin da aka saye su. Bankuna suka ja baya. Wani akanta, Francis D'Arcy Cooper, shi ya shiga tsakani ya daidaita da su, shi ne kuma ya gaji shugabancin bayan mutuwar Lever a 1925. Darasin a fili yake ga duk mai sayen kamfani: a duba bashin banki, a duba da wane farashi aka rubuta kayan sito, kafin a sa hannu.

Injiniya Bala: Hajiya, na karɓa. To mu haɗa biyun: babin lalacewa da babin bashi.

Ɗan Fagge: Tunda an ambaci Niger Company, maganar ta iso gida. Abban Sadiq, in littafi ɗaya za ka fara da shi, nemi na Jan Hogendorn a kan asalin fitar da gyaɗa daga Najeriya, wanda maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1978. Ba tarihin kamfani guda ba ne, tarihin sana'a ce sukutum, kuma yana rushe abin da aka saba faɗa cewa Turawa ne suka kawo noman gyaɗa na sayarwa.

Turawa auduga suke so. Masaƙun Lancashire ta Ingila na neman inda za su rage dogaro da Amurka, har ƙungiya suka kafa a 1902 don yaɗa noman auduga a ƙasashen da suke mulka, kuma da wannan fatan aka ja layin dogo zuwa Kano. Layin ya iso 1911, aka buɗe shi ga kaya 1912. Sai lissafin ya ƙi. Masaƙan Kano da marina suna sayen auduga a farashin da ya fi na Bature, to don me manomi zai kai masa? Gyaɗa kuwa ta fi sauƙin aiki, tana gyara ƙasa, ana haɗa ta da gero a gona ɗaya, harawarta abincin dabbobi ce, in farashi ya faɗi a ci ta ko a matse mai a yi ƙuliƙuli. Auduga ba ta ciyuwa. Ga haraji da ake so a biya da kuɗi. A can Turai kuma an samu hanyar daskarar da man tsirrai da haidurojin, wadda Wilhelm Normann ya yi wa rajista a 1902, sai masu yin bota irin ta Blue Band suka buɗe baki suna neman mai ko ta halin ƙaƙa. Abin da aka fitar a 1912 bai kai tan 3,000 ba. A 1913 ya haura tan 19,000. Reluwe ba ta shirya ba, buhuna suka toshe hanyoyin tasha.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne wa ya shiga ƙauye. Bature na zaune a kanti da sikelinsa, bai san kowa ba. Fataken goro na hanyar Gwanja, su ke da jari, da yara a garuruwa, da tsarin ba da kaya bashi bisa amana tun kaka da kakanni. Kamfani ya ba babban dillali kuɗi kafin kaka, shi ya rarraba wa yaransa, su kuma su bai wa manomi gishiri ko tufa ko kuɗi tun da damina a kan zai kawo gyaɗa. Alhassan Ɗantata daga wannan layin ya fito, ya fara saya wa Niger Company a 1918. Ga kuma 'yan baranda masu tare kaya a bakin kanti.

Abban Sadiq: Malam, me ya sa tamu ɓararriya ake fitarwa, ta Senegal kuma da ɓawonta?

Ɗan Fagge: Nisa. Gonakin Senegal na kusa da teku. Daga Kano zuwa Legas kuwa wajen mil 700 ne, kuma ɓawo kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin. Ba wanda zai biya kuɗin jirgi a kan ɓawo. Don haka mata ne ke ɓare ta a turmi, su sheƙe. Illar ita ce taɓarya na fasa ƙwaya, ƙwayar da ta fashe kuwa manta na saurin yin tsami, masu matsewa su rage farashi. Wannan ya sa daga baya aka riƙa tura injin ɓara na hannu ana kuma ƙara kuɗi a kan gyaɗa mai ƙarancin fasassu. Dalar gyaɗa ma da muke sawa a kalanda, asalinta gazawar jirgin ƙasa ce: kaya sun fi ƙarfin taragu, sai a jera buhuna a lulluɓe da tamfol su jira, wani lokaci har wata kakar ta riske su, ƙwari na ci.

Baba Malami: Madalla da wannan bayani. Amma ku yi hattara da abu ɗaya, yarana. Yawancin manyan littattafan tarihin kamfani, kamfanin ne ya ɗauki nauyin rubuta su, sau da yawa don bikin cika shekara 50 ko 100. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Lever ɗin da Hajiya ta kawo, ana yawan nuna Port Sunlight, garin da ya fara gina wa ma'aikatansa a 1888, gidaje masu lambu da makaranta. A 1911 shi ɗin dai ya karɓi manyan filaye a Kongo ta Beljiyam don man ja, kuma aikin hawan bishiya da kawo nauyin da aka yanka wa kowa, da tilas aka riƙa sa mutane. Cikakken bayanin wannan ba daga kamfani ya fito ba, daga masu tonon takardun gwamnatin mulkin mallaka ya fito, shekaru da yawa bayan haka.

Maman Hanifa: Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, amma kada a ce a watsar da su. Wanda kamfani ya ɗauka shi kaɗai ake buɗe wa ɗakin ajiya: bayanan zaman daraktoci, wasiƙun manajoji, lissafin kowace shekara. Ɗan waje ba ya ganin waɗannan. Dabarar karanta su ce ake koya. Fara da gabatarwa, a nan ake faɗin wa ya biya da ko an ba kamfani damar duba rubutun kafin a buga. Sai ka juya baya ka ga madogara: in lambobin fayil ne da kwanan wata, da sauƙi, in duk hira ce da tsofaffin daraktoci, ka rage rabi. Sai ka kwatanta kaurin babuka. In shekarun riba sun ci shafi 80, shekarar yajin aiki ko shari'a ta ci shafi 2, ka san inda za ka nemi wani littafin. Jadawalin lissafi kuwa ka yarda da shi fiye da zancen da ke kewaye da shi, don da wuya marubuci ya taɓa lamba, sifa ce yake yi wa ado.

Ɗan Tasha: Ku ba ni wuri in kawo na sufuri. Akwai littafin Marc Levinson na 2006 a kan kwantena, kuma ya cika sharuɗɗan Injiniya da na Hajiya duka.

Malcom McLean mai manyan motocin ɗaukar kaya ne, ba ɗan ruwa ba. Dokar Amurka ta lokacin ba ta barin mai kamfanin mota ya mallaki kamfanin jirgin ruwa haka kawai, sai ya rabu da na motar ya sayi na jirgi da bashin banki. Ranar 26 ga Afrilu 1956 tsohon jirgin dakon mai, Ideal-X, ya tashi daga Newark zuwa Houston da akwatuna 58. Lodin kaya da hannu, buhu-buhu da ganga-ganga, yana cin kusan dala 6 a kan tan; na wannan tafiyar bai wuce santi 16 ba. Mutane a nan suke tsayawa. Amma sai da aka yi fiye da shekara goma kafin abin ya kama duniya, kuma dalilan su ne naman littafin. Akwatin kowa da girmansa: na McLean ƙafa 35, na kamfanin Matson mai zuwa Hawaii ƙafa 24, kowa ya auna da dokar titi da irin kayansa. Ƙugiyar wani ba ta ɗaukar akwatin wani. Sai da aka yi shekaru ana zaman kwamiti kafin a tsaya a kan ƙafa 20 da 40 da irin ƙarfen kusurwa guda, wanda makulli mai murɗawa ke shiga ya kama. Injiniyansa Keith Tantlinger ne ya tsara wannan makullin, kuma sai da aka saki haƙƙin mallakarsa kowa ya yi amfani da shi sannan daidaiton ya yiwu.

Ga misalin abin da ke lalacewa. A 1960 kamfanin Grace Line ya kashe kuɗi ya gyara jirage don kai kwantena Venezuela. Ba su zauna da 'yan dakon can ba. Jirgi ya isa La Guaira, 'yan dako suka ƙi taɓa shi, aikin ya mutu. A gaɓar yammacin Amurka kuwa a shekarar aka yi yarjejeniya da ƙungiyar 'yan dako, masu jirage suka zuba kuɗi a asusu don biyan waɗanda inji zai rage wa aiki. McLean kansa yaƙin Vietnam ne ya ɗaga shi: soja na biyan kuɗin zuwa da dawowa, jirage na dawowa wayam, sai ya riƙa biyawa Japan yana cika su. Kuma a 1986 wani kamfaninsa ya karye, don ya yi odar manyan jirage masu tafiyar hawainiya da tsammanin mai zai ci gaba da tsada, sai mai ya faɗi.

Injiniya Bala: Makullin nan kaɗai ya isa babi.

Auta: Yayyena, ni ƙarami ne a nan, amma ba a ambaci littattafan da masu kamfani suka rubuta da kansu ba. Na Henry Ford fa?

Maman Hanifa: Auta, karanta shi don ka ji yadda mutumin ke tunani, ba don ka san abin da ya faru ba. Wani ne ma ya taya shi rubutawa. Kamfanoni biyu ya shiga kafin na 1903, na farko ya rushe, na biyu ya fice aka mai da shi Cadillac. Na ukun da tsabar kuɗi dala 28,000 aka fara, inji da giya daga shagon 'yan'uwan Dodge ake kawo su, James Couzens kuma ya tsare kuɗi yana tilasta dillalai su biya kafin a ba su mota. Albashin dala 5 a rana na 1914 da ake kira karamci, duba adadin masu barin aiki a 1913: kashi 370 cikin ɗari. Wato kowane gurbi sai an cike shi kusan sau huɗu a shekara, don mutane ba sa jure tsayuwa a layin haɗa mota. Koyar da sabo kullum ya fi ƙarin albashi tsada.

Baba Malami: Haka nan kishiyarsa, littafin mai jin haushi. Ida Tarbell ta rubuta tarihin Standard Oil, ya fito littafi a 1904. Mahaifinta na cikin ƙananan masu harkar mai na Pennsylvania da tsarin Rockefeller, mai kamfanin, ya taɓa. Duk da haka aikin ya tsaya, domin takardun kotu da shaidar da aka bayar gaban kwamitoci ta bi. Ita ta fayyace wa jama'a makircin 1872: jiragen ƙasa su yi wa Standard ragi a kan kowace ganga tata, sannan su ba ta wani kaso daga kuɗin da abokan hamayyarta suka biya. Cikin 'yan makonni matatu 22 daga 26 na Cleveland suka sayar mata da kansu. Kotun ƙoli ta raba kamfanin gida 34 a 1911.

Injiniya Bala: Baba, sai dai a haɗa ta da wani, don ragi kaɗai bai bayyana komai ba. Kananzir ne kasuwar a lokacin, fetur kusan shara ne. Standard na yin gangunanta, tana da taragunta na tanki, tana sayar da abin da wasu ke zubarwa. Da aka samu man Lima a Ohio mai warin kibiritu wanda ba mai son kunna shi a fitila, Rockefeller ya yi ta saye yana tarawa da arha, ya ɗauko Herman Frasch, wanda ya gano cire kibiritun da garin tagulla da aka ƙona, a sake gasa garin a maimaita amfani da shi. Mai neman laifi ba zai daɗe a wannan babin ba, mai kirari kuma ba zai daɗe a na 1872 ba.

Abban Sadiq: Na gode ƙwarai. Saura tambaya ɗaya. Masaƙun Kaduna fa? An buɗe Kaduna Textiles a 1957, wasu suka biyo, Kakuri ta cika da ma'aikata, yanzu duk shiru. Wa ya rubuta wannan yadda kuke bayani?

Ɗan Fagge: Abin da ya fi yawa a kansu kundayen digiri ne a jami'o'i da nazarin ƙungiyar ma'aikatan masaƙa, ba littafin da za ka tsinta a kanti ba. Mai son rubutawa ga inda zai fara: ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House, don fayilolin gwamnatin Jihar Arewa wadda ta sa jari tare da kamfanin Ingila. Na cinikin gyaɗa da fatu kuwa, takardun UAC, wanda aka kafa a 1929 da haɗewar Niger Company da wani babban kamfanin, suna ma'ajiyar Unilever a Port Sunlight. Sannan tsofaffin ma'aikata, tun suna raye. Kada a tambaye su "yaya aikin yake", za su ce lafiya lau. A tambayi inji nawa mutum ɗaya ke kula da su, sa'a nawa ake rasa wuta a mako, daga ina baƙin mai na tukunyar tururi ke zuwa da nawa ake sayensa, yadi nawa ake fitarwa a kowane zubin aiki, da shekarar da dilan Kantin Kwari suka fara rage oda.

Maman Hanifa: A ƙara da kwanakin da ake ba dila kafin ya biya. Masaƙa na sayen auduga da tsabar kuɗi a kaka, ta ajiye ta wata da watanni, ta ba da yadi bashi. In ruwan banki ya hau, wannan tazarar kaɗai na iya cinye ribar ko da inji na aiki lafiya.

Ɗan Tasha: Kuma duk mai kwatanta alƙaluman gyaɗar Kano da na Senegal ya fara duba ko da ɓawo aka auna ko babu. Tan 100 mai ɓawo wajen tan 70 ne ɓararriya, kuma tsofaffin jadawalai ba kullum suke faɗa ba.

Ɗan Fagge: Haka ne. A duba kuma ko shekarar kalanda ce ko ta kaka, don gyaɗar da aka saya a Nuwamba da Disamba yawanci sai shekara mai zuwa take shiga lissafin tashar Legas.